Shekara Hamsin Ta Wuce: Aikin Dindindin, Kwantiragi Ko Sana'ar Kai?

 A ziyarce-ziyarcen da muke yi a ikkilisiyoyin Talata Mafara, Bakura da Maradun, akwai tambayar da ake yawan jawo mu gefe a yi mana bayan an tashi sujada. Masu yin ta dattawa ne da iyaye mata waɗanda suka ba hamsin baya. Wani malamin makaranta ne, saura masa shekara huɗu ya yi ritaya, albashi kuwa ba ya kai shi tsakiyar wata, yana so ya ajiye aiki ya kama noman rani. Wata ma'aikaciyar asibiti ce, an yi mata tayin aikin shekara ɗaya da kuɗin da ya ninka nata. Wani kuma makanike ne, ya yi shekara talatin yana cin gashin kansa, yanzu baya ya fara ciwo, yana neman inda za a ɗauke shi ko gadi ne. Dukansu abu ɗaya suke tambaya: wanne ya fi?

Yawancinmu mukan auna amsar da kuɗin da za a samu a wata. Mu kuwa muna so a fara da wata tambaya dabam. Idan abu ya lalace, wa zai ɗauki asarar? Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar in ya faɗi, yana da shekaru a gabansa da zai tashi ya karkaɗe jikinsa. Ɗan shekara hamsin da bakwai ba shi da wannan sarari, ga yara a makaranta, ga jikoki, ga magani.

Abin da Bakolori ya koya mana

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Tsakanin 1974 da 1978 wani kamfanin ƙasar Italiya mai suna Impresit ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka shirya filin ban ruwa na wajen hekta 23,000. Tsofaffinmu suna tunawa da lokacin. Direbobi, magina, kafintoci da leburori sun zo daga ko'ina, kuɗi yana yawo, wasu iyayenmu ma wannan aikin ne ya kawo su ƙasar nan har suka kafa majami'u. Amma aikin kamfani ranar ƙarewa gare shi. Da aka gama, kamfani ya tattara kayansa, aka sallami mutane. Wanda ya koyi walda ko gyaran inji, ya kuma sayi kayan aiki tun kuɗi na shigowa, ya sami abin riƙewa. Wanda ya ɗauka kullum haka za a yi ta tafiya, ya koma gida hannu rabbana.

Waɗanda Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta ɗauka aikin dindindin, albashinsu bai kai na kamfani armashi ba, amma sun daɗe suna karɓa. Manoma kuwa, wato masu cin gashin kansu, su ne suka ɗauki nauyi mafi girma. An tayar da dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, rigimar diyya ta kai har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoma, aka rasa rayuka da yawa. Daga baya injinan fesa ruwa da aka shirya wa mafi yawan filin suka lalace. A wajen 2003 abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, galibi shinkafa, a inda ruwa ke gangarawa da kansa. Manomin da gonarsa ta faɗa ɓangaren da ruwa ya daina zuwa, ba wanda ya biya shi albashi a ƙarshen wata. A 2014 Bankin Duniya ya amince da wani shirin gyaran manyan wuraren ban ruwa na Arewa, har da Bakolori, aka sake ɗaukar ma'aikata na ɗan lokaci, aka sake sallamar su yayin da nasu ɓangaren ya ƙare.

Wuri ɗaya ke nan, ruwa ɗaya, amma kowane rukuni da irin rabonsa na riba da na asara.

Aikin dindindin

Amfanin aikin dindindin shi ne, mai aikin ne yake ɗauke da mafi yawan haɗarin. Ka kwanta ciwo mako biyu, albashi yana nan. An rufe kasuwa, albashi yana nan. Ko an yi jinkirin biya, bashi ne a kan wanda ya ɗauke ka.

A aikin gwamnati ana yin ritaya in an cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar da ta ƙara wa malaman makaranta zuwa shekara 65 ko shekara 40 na aiki, sai dai malamin jiha ko na ƙaramar hukuma ya tambayi ofishinsa yadda ake aiki da ita a wurinsu.

Ga abin da mai niyyar ajiye aiki da wuri ya kamata ya zauna ya lissafa. A tsohon tsarin fansho na tarayya, wanda jihohi da dama suka bi, wanda ya yi shekara 10 yana samun fansho kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, da garatuti daidai da albashin shekara ɗaya. Kowace shekara da ya ƙara, fansho yana ƙaruwa da kashi 2, garatuti da kashi 8, har a shekara 35 fansho ya kai kashi 80, garatuti kuma albashin shekara uku. Saboda haka malamin nan da ya rage masa shekara huɗu, in ya fita yau, ba albashin shekara huɗu kaɗai ya bari ba. Ya rage wa kansa kashi 8 na fansho har iyakar ransa, ban da ƙarin girman da da ya samu, wanda a kansa za a yi lissafin.

A 2004 gwamnatin tarayya ta kawo sabon tsari na adashin fansho, aka gyara shi a 2014. A ƙarƙashinsa ana cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, mai aikin ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. A nan ma shekarun ƙarshe sun fi nauyi, domin a lokacin ne albashi ya fi girma. Kowa ya bincika wane tsari yake ciki, kuma in na adashi ne, ya nemi takardar asusunsa ya ga ko ana zuba abin da ake cirewa.

Ba mu ce aikin dindindin aljanna ba ne. An sha yin kora a ƙasar nan, a 1975 da 1984 dubban ma'aikata sun wayi gari ba aiki. Tsadar kaya kuma tana cin albashi kamar gara. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, amma a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a shekara. Dukanmu kuma mun san dattijon da ya yi shekaru yana sintiri a kan garatutinsa, wani ma har ya riga mu gidan gaskiya bai karɓa ba. Duk da haka, ga wanda ya kusa kai gaci, shawararmu a fili take: kada ka saki reshe ka kama ganye.

Akwai wata ƙofa da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya ƙyale noma. Ke nan malamin da ransa ke wajen noman rani ba sai ya ajiye aiki ba. Yana iya karɓar hayar ɗan fili, ya gwada rani biyu ko uku da yamma da ranar Asabar, yana rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin kwantiragi

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a jihohi da yawa na ƙasar nan wanda ba ɗan asalin jiha ba akan ɗauke shi aikin kwantiragi ne, ba na fansho ba. Akwai 'yan'uwanmu malamai da ma'aikatan lafiya da suka yi shekara ashirin ana sabunta musu takarda, suna zaton su ma'aikatan dindindin ne, sai ranar sallama suka gane ba haka ba ne. Muna roƙon kowa ya ɗauko takardarsa ta kama aiki a daren yau ya karanta, ko ya ba wanda zai karanta masa.

Kwantiragi iri-iri ne. Akwai na wanda ya yi ritaya aka sake kiransa saboda ba a sami madadinsa ba. Akwai na ƙungiyoyin agaji irin namu, na wata shida ko shekara. Akwai kwangilar gini ko kawo kaya, akwai jinga ta magini da kafinta. Abin da ya haɗa su shi ne, ana biyan ka saboda aikin da ke gabanka kawai. Ranar da ya ƙare, ko ranar da jikinka ya ƙi, ba a riƙe maka komai ba.

Bari mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Albashin ƙungiyar agaji yakan fi na gwamnati, amma ya dogara ga kuɗin da masu ba da taimako suka aiko. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, cikin 'yan makonni ma'aikata masu ɗimbin yawa a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka suka rasa aiki, ba don sun yi laifi ba. Wadda ta bar asibitin gwamnati saura shekara biyar ta yi ritaya, ta koma irin wannan aiki, ta yi biyu babu.

To, yaushe kwantiragi yake da kyau? In ka riga ka yi ritaya, fanshonka yana tafiya, kwantiragi ƙari ne mai albarka. In kana da ƙwarewar da ake nema, kamar ungozoma, mai gwajin jini, malamin lissafi, ko mai gyaran injin ban ruwa, wannan ya ƙare wani zai zo. Amma ka auna kuɗin da kyau. A ce ana ba ka ninkin albashinka na wata goma sha biyu, sannan ka zauna wata takwas kafin wani ya samu. Ka raba kuɗin a kan wata ashirin, ka cire abin da za ka ajiye don tsufa da na asibiti, waɗanda yanzu duk a wuyanka suke. Abin da ya rage shi ne ainihin albashinka.

A rubuta kome. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce kafin wata uku da kama aiki, dole mai aiki ya ba ma'aikaci takarda mai nuna irin aikin, da ladan, da lokacin biya, da yadda za a rabu. Ta kuma ajiye wa'adin sanarwa kafin sallama: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ke tsakanin shekara biyu da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Wasu suna jin kunyar neman takarda in mai aikin ɗan'uwa ne a ikkilisiya. Ku tuna Laban kawun Yakubu ne, surukinsa kuma, amma littafin Farawa sura 31 ya nuna sau goma yana sauya masa lada. Takarda ba rashin amincewa ba ce, ita ce ke tsare zumunci ranar da mantuwa ta zo. Wannan magana ta haɗa da mu shugabannin ikkilisiya. Mai bishara, malamin makarantar mishan da mai gadin majami'a su ma suna tsufa, ya kamata su san a rubuce abin da za su tafi da shi.

Game da kwangilar gwamnati, kalma ɗaya ta isa. Wanda ya zuba garatutinsa a ginin aji ba tare da an ba shi kafin alƙalami ba, ya shirya jiran biya na tsawon lokacin da ba shi ne zai yanke ba.

Sana'ar kai

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gaskiya ne, kuma yawancin masu karanta wannan takarda da ma can ba su taɓa karɓar albashi ba. Manzo Bulus da kansa ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa a Koranti don kada ya nawaita wa kowa. Mai sana'ar kansa ba wanda zai ce masa ya cika shekara sittin ya tafi gida. Yana iya rage aiki yadda ƙarfinsa yake, ya jawo ɗansa ko ɗan ɗakinsa, ya bar wa iyali abin da za su gada.

Amma a nan duk asarar taka ce, kuma ƙasarmu ta nuna mana irinta. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya. Mai kiwon turka ya kasa sayar da ragonsa, mai injin niƙa ya rasa mai, mai cajin waya ya zauna. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, masu ƙananan sana'o'i suka ga kayansu suna lalacewa ba mai saye. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Duk mai injin ban ruwa ya san abin da wannan ya yi wa lissafin albasa da tumatir. Ga gonakin nesa da gari da ba a iya zuwa, ga waɗanda sai an biya 'yan bindiga kafin a girbe. Wanda zai shiga sana'a a shekarun tsufa, ya sa waɗannan a lissafi tun farko, kamar yadda Ubangiji ya yi misali a Luka sura 14 da mai gini wanda ya fara zama ya ƙididdige kuɗin.

Kuskuren da muka fi gani shi ne na kuɗin dunƙule. Mutum ya yi shekara talatin yana riƙe da alli ko biro, ranar da garatuti ya faɗo sai ya sayi mota ya ba direba, ko ya buɗe tireda ya sa yaro, ko ya sayi shanu ya kai ƙauye. Bai san kan sana'ar ba, ba ya kuma wurin. Cikin shekara biyu mota tana kan duwatsu a gareji. Ba mugunta ce kullum ke jawo haka ba, rashin sani ne, da kuma 'yan'uwa da ke zuwa da bukatu da zarar sun ji an biya ka, kai kuwa ba ka iya hanawa.

Mun ga waɗanda suka yi nasara, kuma halinsu kusan ɗaya ne. Sun kama abin da hannunsu ya riga ya sani. Sun fara kaɗan tun suna da wani abin shiga. Ba su zuba duka jarin wuri ɗaya ba, sun raba uku: na sana'a, na ajiya don ciwo da makaranta, da na abin da ba ya narkewa, kamar fili ko ɗaki. Sun zaɓi sana'ar da ake yi cikin gari ko kusa da gida, wadda ba ta bukatar ƙarfin saurayi, irin su turara shinkafa, ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara, kiwon awaki da kaji a bayan gida, ɗinki, gyaran famfo da injin ban ruwa, koyar da yara da yamma. Kabu-kabu da dako ba na ɗan shekara sittin ba ne. Sun kuma raba aljihun sana'a da na cefane, suna rubutu a littafi ko da na naira ɗari ne.

Kada a sayar da gona don a sami jari. Iyayen da aka tayar a Bakolori za su gaya muku cewa kuɗin diyya ya ƙare tun da daɗewa, ƙasar da aka rasa kuwa har yau ana noma irinta.

Ga makaniken da ke neman gadi, ba mu ga laifinsa ba. Ƙaramin albashi mai zuwa kowane wata yana da daraja ga wanda jikinsa ya fara gajiya. Sai dai kada ya rufe garejin. Ya bar yaran da ya koyar su riƙe, da yarjejeniya a gaban shaidu kan abin da za su riƙa ba shi. Masu sana'ar kai kuma su sani, a 2019 hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe tsarin da ɗan kasuwa, manomi ko tela zai iya zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusun fansho na kansa. Wanda ya fara a shekara hamsin da biyar ba zai tara mai yawa ba, amma ya kamata mu nuna wa 'ya'yanmu wannan hanya tun yanzu. Adashin Zumuntar Mata da asusun taimakon juna na ikkilisiya su ma jari ne, muddin ana rubuta shiga da fita, ana kuma karanta lissafin a gaban kowa.

Kafin a yanke shawara

Kada miji ya yanke shi kaɗai. Sau da yawa uwargida ce ta san ainihin abin da gida ke ci a wata, kuma ita za ta riƙe gidan in abin ya ƙi. Haka nan matar da ke aiki ta zauna da maigidanta. Ku lissafa wata nawa gidan zai iya rayuwa in ba ko kwabo da ya shigo. In amsar ba ta kai wata shida ba, lokacin barin albashi bai yi ba. Ku dubi shekarun da suka rage wa ƙaramin yaro a makaranta. Ku je asibiti a auna hawan jini da sukari, domin jikin ma jari ne, gara a san abin da ya rage a cikinsa. Ku kuma yanke inda za ku zauna. Wanda zai koma garinsu bayan ritaya, a can ya kamata ya fara kafa sana'ar, ba a nan ba.

Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su zaɓi mutum biyu ko uku, mace da namiji, waɗanda suka san aikin ofis da na kasuwa, su kuma iya riƙe asiri, domin su riƙa zama da duk wanda ya rage masa shekara biyar ya bar aiki. Mai zuwa wurinsu ya taho da takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardar albashin watan da ya wuce. A duba ko ranar haihuwa ɗaya ce a dukansu, a kuma duba sunan magajin da aka rubuta, domin da yawa tun suna samari suka sa sunan mahaifinsu ko wansu, ba su koma sun gyara ba bayan aure.